Hancin Yayana Mai Turare

Duk wanda ya taɓa shiga layin masu turare a kasuwarmu ya ga wani abu da suke yi in za su gwada ƙamshi. Mutum zai ɗiga turare a bayan hannunsa, ya karkatar da kai hagu, ya sa yatsa a kuncinsa na dama ya ja fatar wajen kunne, sannan ya lumshe ido ya shaƙa. Baƙo in ya gani sai ya zaci wata ƙa'idar sana'a ce da aka gada tun kaka da kakanni. To ba gado ba ne, ba kuma ƙa'ida ba ce. Yayana ne ya fara, sauran suka kwaikwaya, kuma shi kansa bai san dalilin da ya sa yake yi ba sai da furfura ta fito masa.

Ni ce ƙanwarsa mai bi masa. Tela ce ni, shagona yana bayan nasa, bango ɗaya ya raba mu, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba. A kasuwa Mai Turare ake ce masa, sai ka ce sauran 'yan layin ruwa suke sayarwa. A gida kuwa Yaya ne, har 'ya'yansa da suna ƙanana Yaya suke ce masa, don abin da suka ji ina faɗa ke nan.

Hancin nan tun muna yara ya fita daban. In Inna ta sayo lemo ta ɓoye a ƙarƙashin kaya, Yaya yana dawowa daga makaranta zai tsaya a bakin ƙofa ya ce akwai lemo a gidan nan, kuma ɗaya ya fara lalacewa. Yana gane wace maƙwabciya ce ta shigo ta fita ba ma nan. A shekarun nan ne kuma ya ari keken maƙwabcinmu, keken da ya fi ƙarfin ƙafarsa, ya gangara da shi ya daki bakin kwalbati da fuska. Jini ya zuba, Inna ta gasa masa da tsumma da ruwan zafi tana yi masa faɗa, kumburi ya sauka, aka manta. Daga waje hancin ya koma daidai, sai ɗan kaucewa da ba ka gani sai ka ƙura masa ido, kuma Yaya ba ya son a ƙura masa ido.

Da ya girma ya gwada aikin ofis. Bai daɗe ba ya ajiye, ya ce ɗakin warin tsohuwar takarda da safar shugaban ofis yake yi, shi ba zai ƙare rayuwarsa a ciki ba. Ya kama zama wurin wani tsoho mai sayar da turare, ya koyi mayuka da halin kowanne, daga baya ya buɗe nasa. Shago ne ɗan ƙarami, in mutum biyu suka shiga na uku sai ya tsaya a waje. Kantoci ne har rufi, kwalabe a jere, wardi a nan, sandal a can, almiski can sama inda hannun kowa ba ya zuwa sai nasa. Akwai ɗan teburi mai gilashi, da sirinji mara allura da yake auna mai da shi, da mazurari ɗan mitsitsi, da farin tsumma da yake wankewa da kansa don bai yarda da sabulun kowa ba. Shi kansa ba ya shafa turare ko ɗigo. Ya ce mai turaren da yake ƙamshi kansa kawai yake ji.

Abin da ya yi suna a kai shi ne maimaita ƙamshi. Kawo masa kwalbar da ta ƙare, ko mayafi, ko hular da ƙamshinta ya kusa gushewa, ka ce irin wannan kake so. Zai ja kunci ya shaƙa, sannan ya miƙa hannu ba tare da ya duba ba ya sauko da 'yan kwalabe. Kafin ka gama ba shi labarin inda ka sayi na farkon, ya haɗa maka ya rufe. Ina alfahari da shi a kan wannan, ko da yake ban taɓa gaya masa ba, don kansa ya isa girma haka.

Maƙwabcinsa na dama, wanda ake ce wa Dogo, shi ya fara kwaikwayon jan kuncin. Dogo mutumin kirki ne, mai fara'a, ba ya riƙe kowa a zuciya, sai dai hannunsa nauyi gare shi. In ya haɗa turare tun daga bakin titi za ka ji, kuma ya bi ka gida, ya kwana ya tashi da kai. Ya daɗe yana leƙen Yaya yana neman sirrin, bai ga komai ba sai jan kunci, sai ya ɗauka a nan maganar take. Daga shi sai na kusa da shi, daga nan sai layin gaba ɗaya, har ta kai masu saye ba sa yarda da mai turaren da bai ja kunci ba, sai su ce wannan sabon shiga ne. Yaya yana kallonsu yana murmushi, in an tambaye shi ya ce kowace sana'a da sirrinta. Shi da Dogo kullum cikin tsiya suke. Yaya ya ce haɗin Dogo sauro yake kashewa, Dogo ya ce na Yaya rowa ce aka ɗura a kwalba. Amma tare suke shan shayi kowace safiya.

Abin da 'yan layi ba su sani ba sosai shi ne ciwon kai. Ciwo ne na ɓari ɗaya, kullum dama. Yana farawa tsakanin ido da karan hanci, kamar an danna babban yatsa an ƙi ɗagawa, sannan ya hau goshi ya zagaya bayan kunne. Idon ya yi ja ya yi ta ruwa. In ya taso, Yaya ya saki labulen shago ya zauna a ƙasa, ya jingina kai da bangon da ya raba mu, ya ƙwanƙwasa. Ni kuma daga can in ji, in san cewa lokacin tsayar da keken ɗinki ya yi. Na tsayar da keke a tsakiyar rigunan mutane ba adadi, na sha baƙar magana daga masu kaya saboda shi.

Ba abin da bai zarga ba. Tabarau ya yi ta canzawa har mai shagon tabarau ya fara ɓuya in ya hango shi. Ya ce haƙori ne, aka cire masa guda lafiyayye, ciwon ya dawo tun ramin bai cike ba. Ya bar shayi, ya koma. Ya sauya matashi. Ya zargi fanka, ya zargi hasken rana, ya zargi muryata, wadda na yarda tana da ɗan kaifi amma ba ta kai ta fasa kan mutum ba. An auna shi, ba hawan jini. Ƙwayar ciwon kai kuwa a aljihu take zama kamar alewa.

Matarsa malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata, har shi. Mace ce mai sanyin magana wadda ta saba da aji cike da yara, saboda haka miji ɗaya mai taurin kai bai cika ɗaga mata hankali ba. Ita ta san munsharinsa, da yadda yake tashi da busasshen baki, da yadda ba ya iya kwanciya sai ta ɓari ɗaya. Ita ce kuma ta lura ciwon yana ƙaruwa. Da jefi-jefi yake zuwa, yanzu kusan kullum da rana ta karya sai labule ya sauka. Ta raka shi wurin likitan ido, likitan ya ce ido lafiya lau, amma ya tambaya me ya sa bawan Allahn nan yake numfashi da baki. Shi ya tura su wurin likitar kunne da hanci da maƙogwaro.

Ranar zuwa Malama tana da jarrabawa a makaranta, sai aka haɗa shi da ni, don an san in shi kaɗai ne zai kai ƙofar asibiti ya juyo ya ce layi ya yi yawa. Likitar 'yar ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗata ba, kuma yana ganinta na ga ya raina ta. Muna zama, kafin ta buɗe baki, ya karkatar da kai ya ja kunci ya shaƙa, ya sanar da ita cewa sabulun da ta wanke hannu da shi akwai lemon tsami a ciki, amma na bogi ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ko a jikinta. Ta ajiye biro ta ce ya sake yin abin da ya yi yanzu.

Ya sake, yana jin daɗi, ya zaci ta gane gwani. Ta tambaye shi tun yaushe yake haka, ya ce tun yana saurayi. Ta ce in bai ja ba fa? Ya ce ai iska ba ta shiga ta wannan ɓarin.

"Baba," in ji ta, "abin nan da kake yi, shi muke sa marasa lafiya su yi in muna so mu gane ko hanya a matse take. Ka daɗe kana yi wa kanka gwaji, ba a dai samu wanda ya gaya maka abin da ya nuna ba."

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Dogo na hango da mutanen layi, manyan magidanta, kowa riƙe da kuncinsa, kuma hancinsu lafiya lau. Yaya ya harare ni irin hararar da yake yi mini muna yara.

Ta fesa masa magani, ta zura wani siririn bututu mai fitila ta kafar hancin, ta juyo mana da allon na'urar. Ban taɓa zaton zan ga cikin hancin yayana ba, ba na kuma fatan in sake. Ta nuna mana katangar da ta raba kafofin hanci biyu, gabanta guringuntsi, bayanta ƙashi. Ta ce kusan kowa tasa ba ta miƙe sak ba, kuma ba komai ba ne. Amma ta Yaya ta kwanta dama sosai, can ciki kuma ta fitar da wani tsini kamar ƙaya, yana tokare da naman da ke gefe. Naman nan yana kumbura yana sacewa. In mura ta zo, ko ƙura, ko ƙamshi mai ƙarfi, sai ya kumbura ya matse tsinin, jijiyoyin wurin su kai ƙara, amma maimakon mutum ya ji a hanci sai ya ji a ido da goshi. Ta tambaya ko ya taɓa buguwa a fuska. Muka haɗa baki muka ce keke.

Duk da haka ba ta yi saurin yanke hukunci ba. Ta ce ciwon kai iri-iri ne, akwai masu karkataccen hanci da yawa da ciwonsu daga wani wuri yake, in aka yi musu aiki an yi a banza. Ta sa a ɗauki hoton cikin hancin a babbar na'ura, ta kuma ce ranar da ciwon ya taso sosai kada ya sha ƙwaya, ya kawo mata shi da zafinsa.

Ba a jima ba kuwa. Wata rana na ji ƙwanƙwasa a bango, na tsayar da keke, na rufe shago, na tare mana tasi. Yana riƙe da kai har muka isa. Ta jiƙa auduga da maganin kashe zafi, ta kai ta daidai inda tsinin yake taɓa nama, ta ce mu jira. Ina zaune ina kallon fuskarsa. Da farko goshin ne ya saki. Sannan idon da yake a kanne ya buɗe. Ya juya kai dama, ya juya hagu, a hankali, kamar mai ɗauke da ruwa a kwano. Sai ya dube ni.

"Ke," ya ce, "ashe haka kan mutane yake?"

Tausayinsa ya kama ni har na juya ina gyara ɗankwali.

Likita ta ce wannan alama ce mai kyau, hoton da gwajin wuri ɗaya suka nuna. Ta bayyana masa aikin. Za a sa shi barci, a bi ta cikin kafar hanci ba tare da yanka a fuska ba, a ɗaga fatar da ta lulluɓe katangar, a cire tsinin, a miƙe abin da ya karkace, a mayar da fatar. Ta ce tana da kyakkyawan zato ciwon zai tafi ko ya ragu ƙwarai, amma ba ta rantsuwa. Yaya yana ta gyaɗa kai har ta gama, sannan ya yi tambayar da tun farko ita ce a ransa. Ƙamshi fa?

Ta gaya masa gaskiya. Makonnin farko da wuya ya ji komai saboda kumburi. Yawancin mutane yana dawo musu, wasu ma ya fi na da. Amma akwai 'yan kaɗan da yake raguwa, kuma ba za ta iya ce masa lalle ba ya cikinsu ba. Ya miƙe, ya gyara hula, ya yi mata godiya mai yawa, ya ce zai riƙe ciwon kansa, sun saba.

A hanya na wanke shi tas. Shi kuwa ya kafe a kan wata magana tasa, wai baiwar a cikin karkacewar take, in aka miƙe hancin zai koma hanci irin na kowa, irin na Dogo. Na tuna masa cewa lemon Inna ya riga keke, ya ce ban san komai a kan hanci ba, in tsaya a kan allura da zare. A gida da na matsa wa Malama ta sa baki, sai ta ce ita a makaranta in yaro ya ƙi shiga aji ba ta jansa, barinsa take yi a waje har rana ta koro shi.

Ranar kuwa ta zo. Wani magidanci ya shigo da hular mahaifinsa a leda, ya ce tsohon ya rasu, ƙamshin hular yana gushewa, yana so a haɗa masa irinsa ko don ya riƙa buɗewa. Irin aikin da Yaya ya fi so ke nan. Amma kan yana sara, hancin ya toshe ta ko'ina. Ina jin su ta bango. Ya ja kunci ya shaƙa, ya sake ja, ya fita ya sha iska ya dawo, daga ƙarshe ya ce wa mutumin ya dawo gobe. Mutumin ya dawo, ba a dace ba. Ya sake dawowa, ya tarar da labule a sake, Yaya yana zaune a ƙasa. Da bakinsa Yaya ya ce masa ya gwada shagon dama. Mutumin ya ɗauki hular ubansa ya shiga wurin Dogo.

Da yamma Yaya ya leƙo shagona, abin da bai cika yi ba don ya ce warin man keke yana damunsa. Ya zauna a kan buhun ƙyallaye, ya ce hancin da yake tsoron a ɗauke masa, ga shi nan yana tafiya da ƙafarsa. Ya ce in gaya wa likita ta sa rana.

Kwanakin kafin aikin Yaya ya zama abin kallo. Duk safiyar da hancin ya buɗe sai ya fita sallama da ƙamshi. Ya tsaya a ƙofar gidan burodi har mai burodi ya ba shi kujera. Ya je wurin kafinta ya ɗebi garin katako a tafin hannu. Ya shinshina sabuwar taya, da littattafan 'yan ajin Malama, da kan jikarsa jaririya har uwar ta karɓe 'yarta. Man keken nawa da yake zagi ma ya zo ya shaƙa, ya ce ashe shi ma ba laifi.

Ranar aikin da safe aka shiga da shi. Babbar damuwarsa a lokacin ba wuƙa ba ce, rigar asibiti ce mai buɗaɗɗen baya, ya ce in da ni na ɗinka ta da ya ce na rage yadi. Ni da Malama muka zauna a benci, tana duba takardun yara, amma na lura shafi ɗaya take kallo har aka fito da shi. Hanci cushe da auduga, an manna masa wata a ƙarƙashi kamar farin gashin baki. Da ya farfaɗo abin da ya fara nema madubi ne. Ya ga ba ɗinki a fuska, har ya ɗan ji haushi, wai me zai nuna wa mutane. Likita ta kawo masa tsinin a 'yar kwalba, bai fi farcen ɗan yatsa ba. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce da muryar mai mura, ashe wannan ɗan abin ne ya ci masa haƙori.

Aka gindaya masa sharuɗɗa. Ba fyace hanci, ba ɗaukar kaya mai nauyi, in atishawa ta zo ya buɗe baki, ya riƙa wanke ciki da ruwan gishiri, shago kuma a ba shi hutu. Dogo ya karɓi mabuɗi, ya rantse ba zai haɗa komai da sunan Yaya ba, abin da ke kwalba kawai zai sayar. Ya zo dubiya ba turare a jikinsa, har ban gane shi ba sai da ya sunkuya a bakin ƙofa. A baranda ya ja ni gefe, ya tambaya wai da gaske ne abin da ake faɗa a kan jan kunci. Na ce da gaske ne. Ya shafa kuncinsa, sannan ya ce shi dai yana yi masa aiki, kuma ko ba ya yi, masu saye ba za su yarda ya bari ba. Har yau suna ja.

Da aka cire audugar, Yaya ya ja iska ta kafa biyu a karo na farko tun zamanin keke, ya ce ya ji sanyi har ƙeya. Ciwon kai ya leƙo sau ɗaya ko biyu, mara ƙarfi, sannan ya ɗauke ƙafa. Munshari ya tafi, har Malama ta yi ƙorafin shirun yana hana ta barci. Kowa murna yake yi. Sai dai ƙamshi shiru.

Mako ya wuce, wani ya biyo. 'Yan dubiya kowa ya zo da abin gwajinsa. Wannan ya yanka albasa ya kai masa hanci, wancan ya buɗe kwalbar kananzir, ni ma na kai ɓawon lemo. Kowane karo sai ya shaƙa, ya yi murmushin ƙarfin hali, ya girgiza kai. Ran nan Malama ta tsaya a tsakiyar falo da muryar aji, wadda ban taɓa jin ta fito da ita a gida ba, ta ce daga yau duk wanda ya sake kai wa maigidanta wani abu hanci, ƙofa a buɗe take. Likita ta duba ta ce ciki yana warkewa da kyau, saura kumburi can sama inda ƙamshi yake sauka, a ci gaba da ruwan gishiri, a yi haƙuri. Ta ba shi izinin komawa shago.

Ya koma, amma a waje yake zama a benci. Kwalaben da ya haɗa kafin aiki suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kanta tana yin giɓi. In an kawo mayafi ko tsohuwar kwalba sai ya ce a ba shi lokaci. Abinci ya ce duk ɗaya ne a bakinsa, ya rame. Tsiyar da yake yi wa Dogo ma ta tsaya, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Kai lafiya lau, ido garau, amma kamar an ba mu aron wani mutum mai kama da yayana. Hankalina ya tashi ƙwarai, ɗinki ma na kasa yi da natsuwa.

Wata yamma na kai wa Malama ɗinkinta gida. Ba ta dawo daga makaranta ba, na tarar da shi zaune a falo, rediyo a kashe. Ya ce in zauna, yana da shawara. Wai ya yi tunani, zai bar wa Dogo kayan shagon, shi ya koma sayar da takalma, abin da ido yake gani. Yana magana a natse, irin ta wanda ya gama kukansa tuntuni. Ina neman ta inda zan fara faɗa sai Malama ta yi sallama, ta shigo da jakarta, ta gaishe mu, ta bi ta bayan kujerarsa za ta ɗaki.

Yana tsakiyar bayanin inda ake saro takalma sai ya tsaya. Ya yamutsa fuska.

"Wa ya shigo mini gida da haɗin Dogo?"

Ya juya, ransa a ɓace da gaske. Ya ce wardin ya yi yawa, an danne shi da almiski mai araha, kuma man da aka tsinka shi da shi ya kwana biyu. Ya ce shekara da shekaru yana gaya wa mutumin nan ya rage hannu, ba ya ji. Ya ce duk turaren da ke cikin gidan nan a rasa wanda za a shafa sai wannan, so ake a ce matar Mai Turare ta rasa ƙamshi a gidan mijinta?

Malama ta saki jakar a ƙasa. Ta zauna a hannun kujera ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Sai a lokacin ya ji abin da bakinsa yake faɗa.

Da ta samu murya ta ce tun ranar da likita ta ba shi izinin komawa shago take shafawa, kullum da safe, ta ƙara in za ta taso daga aiki. Malaman makaranta sun janye kujerunsu daga kusa da ita, yaran layin gaba suna ta atishawa. Ni kaina na ji, na yi mata magana, ta ce in ji da ɗinkina. Ta ce ta san in nasa ta shafa, ko ya ji zai yi shakka, ya ce zuciyarsa ce take raya masa. Amma na Dogo, duk ranar da ya shiga hancinsa ba zai iya yin shiru ba.

"Je ki wanke," in ji Yaya.

Ta miƙe. Sai ya kamo bakin mayafin.

"A'a. Tsaya tukuna."

Ya kai mayafin fuskarsa da hannu biyu, ya shaƙa, ya daɗe bai saki ba. Na kau da kai, don akwai abin da ƙanwa ba ta kallo. Da ya ɗago, idonsa ya yi jawur, hawaye har gemu.

"Wallahi bai iya ba," ya ce.

Ya sake mayar da fuskarsa cikin mayafin.